Gurbin Da Ƙanena Ya Ajiye Mini A Jirginsa

Ban taɓa ganin teku ba. Ƙanena ya sha ganin sa, domin ƙuruciyarsa duka a kan hanya ya yi ta, yana tuƙa babbar mota da lodin albasa daga Konni zuwa biranen bakin ruwa. Ni na yi jami'a a Yamai, na dawo Konni ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a lakwal, wato makarantar boko. A gidanmu ƙane ba ya zama tabarma ɗaya da wansa, ba ya ɗaga murya a gabansa. Haka muka girma, muna ƙaunar juna, amma ba mu da abin faɗa bayan gaisuwa.

Da motarsa ta kife a hanyar Illela, ƙafarsa ta yi mummunar karaya, ya kwanta watanni a gidansa da ke Malbaza. Kowace Asabar nakan je dubiya. In ce, "Ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, Yaya." In yi addu'a, ya shafa. Daga nan sai mu zauna muna kallon kaji a tsakar gida. Ina ganin yana ramewa, kuma na san ba ƙafar kaɗai ke cin sa ba, amma ban san ta inda zan shiga ba.

Wata Asabar na iso bayan la'asar. Tun daga zaure na jiyo shi yana ihu da Faransancinsa na hanya: "Ku juya hagu! Hagu na ce, ko kurame ne ku?" Sai dariya. Na tarar da shi a ƙarƙashin rumfa, ƙafa a miƙe, waya a hannu. Ya yi yunƙurin ɓoye ta, na ce ya nuna mini.

Wasa ne na intanet, wanda mutane daga ƙasashe daban-daban suke shiga lokaci guda. Duniyarsa ƙagagga ce: tsibirai, dodannin ruwa, matsafa masu kiran iska. Kowa yana zaɓar matsayin da zai taka, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikacin sarki, ko ɗan fashin teku. Ƙanena ɗan fashin teku ne, har ya zama kaftin ɗin jirgi. Ya naɗa wa mutumin nasa na cikin wasan jan rawani, ya ba shi ƙafar katako.

"Na zaɓo mai irin ciwona," in ji shi.

Mutanen jirgi ɗaya suna jin muryar juna, suna hira yayin da suke tafiya. Ya ce akwai gurbi guda da ya hana kowa, na mai karanta taswira. Ya faɗi maganar yana kallon wayar, ba ni ba: "Kai ka yi karatun ƙasa, Yaya. In kana so."

A iya sanina, wannan ne abu na farko da ya taɓa roƙo na.

Na koma Konni, na sa wasan a wayata. Da aka zo wurin zaɓe, na daɗe ina kallon hoton ɗan fashin da takobinsa. A daminar da ta wuce 'yan fashi na gaske suka kore shanun kawunmu a wajen Bazaga, tsohon bai sake zama daidai ba. A ƙasarmu wannan kalma ba ta wasa ba ce. Na kuma tuna cewa ɗalibaina suna iya kasancewa a ciki, su ga malaminsu a ƙarƙashin baƙar tuta. Sai na zaɓi ma'aikacin sarki mai kula da tashar jiragen ruwa, wato ɗan duwan mai karɓar harajin kaya. Na yi tunanin kowane jirgi dole ya zo tasha, can za mu haɗu. Ban san dokar wasan ba: mutanen sarki da 'yan fashi suna ganin juna, amma ba sa jin juna.

Asabar ta gaba na nuna masa. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ƙafa.

"Haba Yaya! Ko a duniyar ƙarya sai ka zama ɗan duwan? Rayuwata duka ina tsaye bakin shingensu, yanzu kuma ga ka nan. Mi na yi maka?"

Bai taɓa tsokana ta ba sai ranar. Na yi dariya ni ma, kuma da na tsaya a nan, da wataƙila komai ya tafi daidai. Amma na shiga yi masa bayanin dalilaina, ɗaya bayan ɗaya, kamar ina gaban allo. Na ambaci kawu da shanunsa. Ya saurara har na gama, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gaskiya ne, Yaya."

Makonni suka wuce ina hango jirginsa daga tashata. Yana kai hari ko'ina, ban da inda nake. In ya zo wucewa sai ya sassauta tuta, ya wuce. Na gane gaisuwa ce. Na gane kuma cewa a can cikin jirgin yana magana, ni kuwa ba na ji.

Sauya matsayi yana nufin share mutumin da ka gina, ka fara daga ƙasa, ka yi ta hawa har ka cancanci shiga babban jirgi. Na yi ta jinkiri, jarrabawar ƙarshen shekara ta zo, sannan na share ɗan duwan ɗin. Kafin in kai matakin da ake buƙata, ƙanena ya miƙe da sanda, ya sami aikin yankar tikiti a tashar mota ta Konni, ya bar wasan.

Wata mata daga Dakar ya bar wa jirgin. Da na gabatar da kaina, ta ce, "Kai ne wan kaftin? Har yau gurbinka ba kowa." Na hau, na karanta musu taswira. A hanya suka yi ta ba ni labarinsa. Ya gaya musu yana tsoron ba zai sake riƙe sitiyari ba. Ya gaya musu yadda ya ji ranar da ya fara ganin teku, da yadda ya so ya ɗauki wansa ya kai shi ya gani, amma ya rasa yadda zai faɗa. Baƙi da ba su san fuskarsa ba sun ji duk wannan. Ban sake hawa jirgin ba.

Har yanzu ina tambayar kaina ko dalilaina sun kasance na banza, kuma ban yarda cewa na banza ne ba. Abin da ban hango ba shi ne, ba don fashi ya gayyace ni ba. Ya sami wuri guda a duniya inda zai iya ce wa wansa "juya hagu" ba tare da rashin kunya ba, kuma wurin bai daɗe a buɗe ba.

Yanzu nakan bi ta tashar motar idan na taso daga lakwal. Yana hango ni yake miƙewa a kan sandarsa, ya bar mini benci. Rannan na daure na ce, "Sannu da aiki, Kaftin." Ya yi murmushi, ya kalli ƙasa.

"Wancan na zaman jinya ne, Yaya," in ji shi. Ya zuba mini shayi, ya koma gefe ya tsaya.