Abin da Na Rubuta a Takardar Makarantar 'Yata

Shekara huɗu ina hawa jirgin ƙasa daga Silver Spring zuwa wani ɗakin karatu a Washington, ina bin tarihin tsohuwar jami'ar wata daular Turai da ta rushe tuntuni. Ƙabilu barkatai ne a daular, amma da harshen sarki ake koyarwa. Aikina na digirin dakta shi ne karanta rajistar ɗalibai, inda kowane zango ɗalibi yake rubuta sunansa da garinsu da harshen gidansu.

Wasu sun riƙa ba ni haushi. Ɗan ƙauye zai shigo ya rubuta harshen uwarsa, kafin ya gama karatu sai ka ga ya koma rubuta na sarki. Nakan yi tsaki har na kusa da ni ya ɗago kai. A babi na uku na kira su marasa kishi. Malamata ta ce in sassauta, na ƙi.

A shekarar da na rubuta babin muka kai 'yarmu ajin farko. Takardar shiga tana tambayar harshen da ake yi a gida. Maƙwabcinmu, direban tasi mutumin Maraɗi, ya riga ya ja mini kunne: in na rubuta Hausa, za a riƙa fitar da ita daga aji ana koya mata Turanci daban, 'yan ajinsu su wuce ta. Tsoro ya kama ni, wallahi. Matata ta ce ƙarya fa zan rubuta, yarinyar da ko kuka da Hausa take yi. Na ce ta ƙyale ni, ni na san boko. Na rubuta Turanci. Don kada malamai su gane, na kafa doka a gida, Turanci zalla har ta saba. Wata shida kawai na ce, amma dokar ta zauna daram.

Tana shekara goma sha huɗu muka koma garin Woodbridge. Sabuwar makaranta ta aiko da irin takardar, ita ta cike da kanta a teburin kicin. Na leƙa, na ga ta rubuta Turanci ba tare da ta tsaya tunani ba. 

"Uwata, Hausa za ki sa," na ce.

Ta ɗago, babu alamar rashin kunya, ta amsa mini da Turanci: "Baba, ai ba kyau a rubuta ƙarya."

Matata ta ci gaba da yankan albasa, ko kallona ba ta yi ba. An buga aikin digirin nawa ya zama littafi, babi na uku yana ciki yadda na rubuta shi. Har yau ban iya buɗe wurin ba.