Hajara da Jihohi Goma Sha Biyu

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Ni da na gama aji bakwai cur, kuma har yau ina rubuta sunana ba tare da na fito da harshe ba.

Muna yara a Baure, in an ci tuwo lokacin sanyi, kakarmu Inna Kulu takan tura kara a murhu mu kewaye ta, gabanmu na gasuwa, bayanmu na daskarewa. Tatsuniyar da ta fi so ta zakara ce. Wai ya zo bakin rafi ya kasa hayewa, agwagwa ta yi masa dariya a gaban kaji. Ya rantse sai ɗansa ya rama masa. Kullum yana tsaye a tudu yana koya wa ɗan tsako iyo: "Buɗe fiffike! Ɗaga ƙafa!"

"Inna, shi ya taɓa shiga ruwan?"

"Ko farce. Amma wa ya kai shi iya bayani?" Sai ta dungure mini kai, ni kaɗai.

Ƙarshe ɗan tsako ya haye, amma ta kan wani kututture da uban bai taɓa lura da shi ba. Zakara ya hau tudu ya yi cara, wai koyarwarsa ce.

Tawa agwagwar ita ce Ɗanjuma. Tare muka zauna jarrabawar shiga sakandare. Ya ci ya tafi kwaleji, ni na koma wa garma. Shekara hamsin ke nan, duk inda muka haɗu sai ya ce, "Barka da hutawa, Hedimasta."

Bana jikata Hajara da jikarsa suka nemi makarantar kwana ta 'yan mata, wadda ba kowa ake ɗauka ba. Na ce Allah Ya kawo ranar. Na zaro tsohon littafina daga ƙasan akwati, kullum bayan la'asar sai in zaunar da ita.

"Amarya, jihohi nawa ne a ƙasar nan?"

"Talatin da shida."

"Goma sha biyu! Babban birni?"

"Abuja."

"Ikko! Ga shi a rubuce."

"Tsoho, malaminmu ya ce..."

"An haifi malamin naku lokacin da na rubuta wannan?"

Wata uku muna haka. Ta daina musu, sai dai ta gyaɗa kai. Na ce yarinya ta ɗauki karatu.

Da aka yi jarrabawa aka kafe sunaye, Hajara ce ta huɗu, jikar Ɗanjuma can ƙasa kusa da ƙusa. Na tuna Inna Kulu, na ce ashe abin da take nufi ke nan: mai haƙuri a tudu, wata rana zai yi cara. Na zuba babbar riga, na ja hannun Hajara har gindin tsamiyar da Ɗanjuma ke zama da mutanensa.

"Ɗanjuma, Hedimasta ya zo gaisuwa! Amarya, faɗa musu wa ya koya miki."

"Wallahi Tsoho ya taimake ni," in ji ta. Na gyara hula. "Duk tambayar da na rikice, sai in tuna amsarsa, in tsallake ta in zaɓi wata."