Gishirin Zaurenmu

Ni na kashe wa Kaka na'a-na'arta. A lokacin na ce akuyar maƙwabta ce, har na kwatanta launinta da tsawon gemunta, amma ni ne.

Malaminmu na kimiyya ne ya jawo. Ya zo aji da dankalin Turawa biyu, ya fere su, ya ƙwaƙule cikinsu kamar ƙoƙo, ya zuba gishiri a ɗaya, ya jera su a faranti mai ruwa. Kafin a tashi, ramin mai gishirin ya cika da ruwa, ɗayan kuwa yana nan a bushe. Ya ce sunan abin osmosis: ruwa yakan ratsa bangon ƙwayoyin halitta ya bi inda gishiri ya fi yawa. "Haka yake a ganye," in ji shi, "haka yake a naman jikinku." Ni kuma ba na jin magana in bar ta ban gwada ba. Ina isa gida na cika tafi biyu da gishiri, na juye a gindin na'a-na'ar da Kaka ke shayi da ita, na bi da ruwa. Washegari ta langaɓe ta kwanta a bakin tukunya. Kaka ba ta tambayi kowa ba, ƙasar ta dangwala ta kai harshe. Dukan da na sha ranar, har yau in na ji ƙanshin shayi sai bayana ya amsa.

Gishiri ba abin nema ba ne a gidanmu. Baba ɗanyar fata yake saye a Ƙofar Wambai, ta akuya da ta tumaki, ya shimfiɗa a zaure ya mulke da gishiri kafin majema su zo su kwasa. Buhu-buhu yake ajiyewa, mai manyan ƙwayoyi, kuma da hannu yake awo. Yakan ce tun yana yaro bai taɓa asarar fata don gishiri ya yi yawa ba, sai don ya yi kaɗan.

Bayan mako biyu aka tashi bama-bamai a gari, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana. Sojoji suka tsaya a bakin kowane titi. Mu na cikin lungu muna iya leƙa maƙwabta, amma kwalta ta haramta. Famfo dama ya daɗe da mantawa da mu, 'yan garuwa kuma suka ɓace, sai muka koma rijiyar wani kango da ke kusa da kwata. Ni nake jan guga. Ruwan yana da launin da na ce wa Inna ko marina za su karɓa.

Rana ta uku da safe ƙanwata Auta, mai shekara huɗu, ta fara gudawa da amai. Kafin hantsi ta ɓata zani biyar. Mai kemis ɗin unguwa ya rufe tun ranar farko, wayarsa ba ta shiga. Inna ta ce a rediyo ana cewa a ba yaro ruwan gishiri da sukari. Ta tuna ruwan kwalbar lemo biyu ne, amma lissafin cokulan ya kwance mata.

"Kawo nan," in ji Baba. "In dai gishiri ne, ai aikina ne."

Ya juye sauran sukarin gidan a ruwan da aka tafasa, ya shiga zaure ya dawo da hannu cike. Ya zuba, ya juya, ya duba, ya ƙara rabin hannu. Ya ce jikin yarinyar ya saki, gishiri ne zai riƙe shi.

Na dangwala yatsa na lasa, har kunnuwana suka motsa.

"Baba, wannan ya yi yawa. Janye mata ruwan jiki zai yi."

"Ji wanda zai koya mana magani," in ji Kaka daga kan tabarma. "Likitan na'a-na'a. Je ka tambayo akuyar taka."

"Wallahi Kaka, Malam ya ce..."

"Kai, rufe mana baki," Baba ya ce, bai ko dube ni ba. "Yau ba ranar surutunka ba ce."

Na rufe. Wannan ne abin da har yanzu nake juyawa a raina. Ni da ake cewa ko barci nake bakina na aiki, ranar na yi shiru, don na san duk gidan babu mai sayen maganata, kuma ni na jawo wa kaina.

Auta ta ƙi sha. Tana kawar da kai, Inna na lallashi, Kaka ta riƙe mata hannuwa aka ɗura mata da ludayi. Ta amayar da wani, wani ya zauna. Aka ci gaba da ba ta har azahar. Gudawar ta ƙaru. Leɓenta ya tsage, idanunta suka faɗa ciki, tana kuka ba hawaye. Ta kama rigata ta ce, "Yaya, ruwa." Inna ta miƙo kofin haɗin, don shi ne magani.

Na tashi na tarar da Baba a zaure, yana tsaye kawai, ba ya yin komai. Fatun da ya sa wa gishiri kafin doka suna jibge a kan katako, ruwa ja-ja yana bin ƙasa daga gindinsu zuwa rariya. Kullum haka zauren yake, ba wanda ke kula.

"Baba, wannan ruwan daga ina yake fitowa?"

"Daga fata mana."

"Me ya fito da shi?"

Ya kalli ruwan, ya kalli buhun gishiri. Daga nan ya wuce ni da sauri, ya karɓe kofin daga hannun Inna, ya ɗauki kwanon gaba ɗaya ya watsar a tsakar gida. Kaka ta fara faɗa, ya ce, "Iya, don Allah." Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Sukari ya ƙare. Na haura katanga na roƙo a maƙwabta, matar gidan ta ba ni, ta kuma faɗa mini awon daidai: gishirin ɗan ƙaramin cokali ne a shafe, kada ɗanɗanonsa ya wuce na hawaye. Muka haɗa sabo. Auta ta sha kaɗan, sannan ta daina haɗiya. Wuyanta ya sandare, ƙafarta tana fizga.

Da la'asar aka sanar an sassauta doka na awa biyu. Babu babur, babu mota. Baba ya goya ta da zanin Inna, ni ina biye da buta. A kowane shinge sai an ce mu ɗaga hannu, shi kuma ba ya iyawa sai ya sake ta, sai ya juya ya nuna musu bayansa. Wani soja ya duba fuskarta, ya ce mu wuce da sauri.

A asibiti mutane har ƙasa, masu rauni da masu irin ciwonta. Wata nas ta nemi jijiya a hannu ta rasa, ta nema a ƙafa, daga ƙarshe aka samu a kanta. Ta tambayi abin da aka ba ta a gida. Ni na yi niyyar in ce ban sani ba, ƙarya ba ta yi mini wuya. Baba ya riga ni. Ya buɗe tafinsa ya nuna mata awon.

"Sister, gishirin ne ya yi mata haka?"

"Malam, ciwon shi kansa yana kisa," ta ce tana gyara robar ƙarin ruwa. "Ba zan ce maka shi ne ba. Ba zan kuma ce ba shi ba ne."

Auta ta rasu washegari da hantsi. Saboda doka, mu bakwai ne muka kai ta maƙabarta.