Motar Kawu Ilu Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, amma motarsa tana nan a ƙofar gidanmu a Matameye, ba tayoyi, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Masu sayen tsohon ƙarfe sun sa mata ido, 'ya'yansa ma sun ce a sayar a huta. Ni ne na ƙi, ga kuma dalilina.

Kawu direban gwamnati ne. Da ya ajiye aiki sai ya sayi ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke ce wa bashe. Niyyarsa ya riƙa kai hatsin mutane kasuwar Kance, ya ci tuwonsa cikin rufin asiri. Ya fi wanke ta a kan rigarsa.

Sai fari ya zo. Mutanen arewa suka gangaro bayan dabbobinsu sun ƙare, suka zauna a bayan gari. In ɗayansu ya cika, danginsa ba su da ƙarfin ɗaukarsa, yunwa ta cinye kafaɗunsu. Ni ina cikin masu haƙa kabari, na ga ranar da Kawu ya ɗora makarar masallacinmu a bayan motarsa. Tun daga nan 'yan kasuwa suka daina ba shi kaya. Wa zai zuba geron ci inda aka kwantar da mamaci? Kawu bai ko ɗaga kai ba.

Sojoji ke mulki lokacin, kuma ba sa son a ga gawa tana ratsa gari, tunda an ce yunwa ba ta kashe kowa. Wani sarjan mai tsaron shingen hanyar maƙabarta ya tare shi.

"Tsoho, ka sake bi ta nan, motar ta zama tamu."

"To, ɗana," in ji Kawu. "Sai ka kawo kafaɗarka gobe, akwai wata baiwar Allah da ke jira."

Washegari Kawu ya ɗauko gawar, ya bi babbar hanya, a hankali kamar mai tafiyar ƙasa. A garinmu duk wanda makara ta wuce ta gabansa sai ya miƙe, ya taka mata ko kaɗan ne. Mahauta suka ajiye wuƙa, teloli suka bar keke, masu shayi suka bi. Kafin mu kai shinge, hanya ta cika. Sarjan ya dubi jama'a, ya dubi likkafani, ya cire hularsa, ya ɗaga sandar shingen da hannunsa.

Kawu ya leƙo ta taga. "Tunda ka miƙe, taka ka samu lada."

Ya kuwa taka.

Yau ga damina ta sake yi mana rowa, ga masu kaki sun sake hawa kujera. Da Kawu zai leƙo, ba zai tambayi wa ke mulki ba. Zai tambaya ko an bar baƙo a yashe.

Bai bar gona ba, bai bar gidan siminti ba. Wannan ƙarfen ya bari, kuma har gobe a bayansa ake ajiye makarar unguwa. Satin jiya, da na dawo daga ajin yaƙi da jahilci, na samo fenti na rubuta a ƙofar motar: BA TA SAYARWA BA CE. Baƙaƙen sun karkace, amma mai sayen ƙarfe ya karanta, ya juya.