Wana Isufu, mai dafa wa ɓeraye

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai wana Isufu makwancinsa a Galma. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ni aji shida na tsaya a lakwal. Na yi ta jiran masu ilimin da ya yi wa bauta su rubuta. Bana na gaji da jira.

Isufu ba likita ba ne, ba malamin jami'a ba ne. Aikinsa a Yamai ciyar da fararen ɓeraye ne a ɗakin bincike. Shi ke kwaɓa musu abinci, wasu da sukari, wasu da ƙwayar zaƙin nan sakarin, wasu lami babu ɗanɗano. Daga baya malamai su duba ruwan da cikin ɓeran ke fitarwa don narka abinci. In ya zo gida da salla, abokanmu su ɗauka: "Ga kukun kusu ya iso!" Ni ne kan gaba wajen dariyar. Mu muna yaƙi da kusu a rumbu, shi ana biyansa ya ƙosar da shi.

Lokacin ina sayar da shayi a tashar Madawa. Sukari ya yi tsada, na fara jefa sakarin a tukunya ban gaya wa kowa ba. Ran nan Isufu ya zo, kurɓa ɗaya ya yi ya aje kofi.

"Sani, ƙarya kake yi wa cikin mutane."

"Haba Yaya, bakinsu ya ce da daɗi. Mi ya rage?"

"Baki ɗan aike ne. Da ya ji zaƙi sai ya gaya wa ciki ya shirya, baƙo na tafe. Ciki ya shimfiɗa tabarma, baƙo bai zo ba."

Na ce wannan ga kusu ne. Ya ce gaskiyata, ga kusu ya gani, ga mutum bai sani ba. Wannan halin nasa ya fi komai ba ni haushi. Ba ka iya kada shi a gardama, don ya riga ka faɗin inda saninsa ya tsaya.

Bara likita ya ce ina da ciwon sukari. Yanzu sakarin ɗin da na ɗura wa direbobi, ni ke jefa shi a kofina, da izinin likita kuma. Da Isufu na nan da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ban san abin da zai ce ba da ya ga garin zaƙi mai kala da ya cika kantuna, ana lasa kamar alewa. Wataƙila ya ce bai gwada ba.

Da jin maganar likita, matata Rabi ta tsorata. An ce a bar sukari, ita ta haɗa da gishiri da mai da yaji duk ta kore. Miya ta koma ruwan zafi mai kuka. Na daina ci. Cikin wata biyu wando na zamewa, in na tashi daga salla sai na dafa bango. Da na yi mata faɗa ta fashe da kuka: "Malam, so kake in kashe ka da hannuna?"

A nan na tuna ciwon Innarmu. Ta ƙi abinci kwana da kwanaki, kowa na yi mata wa'azi. Isufu kuwa ya ɗauko tukunya. Ya kawo murhu bakin ɗakinta ya soya albasa da daddawa, ya bar ƙamshin ya shiga ya yi aikinsa, sannan ya kai mata tuwo. Ya ce ko ɓera in ka ba shi lami, ɗan kaɗan yake ci ya juya baya. Inna ta zage shi don ya haɗa ta da kusu, ta kuma cinye.

Na ja Rabi muka koma wurin likita. Na ce albasa fa? Daddawa? Tafarnuwa da barkono? Ya ce wa ya hana ku waɗannan?

Isufu bai bar gida ba, bai bar mota ba, kuma a iya sanina sunansa ba ya cikin takardar kowa. Waɗanda suka yi masa dariya, har da ni, ba mu taɓa ba shi haƙuri ba. Abin da ya rage nasa ɗan kaɗan ne, amma jiya na cinye kwanona na nemi ƙari, Rabi na tsaye tana share ido da bakin zane. Allah ya jiƙan ka, Yaya. Ƙanenka na cin abinci.