Jan Zaren da Na Kwance

Dattawan garinmu sun daɗe suna cewa man gyaɗa ba ya yin suna. A wurinsu duk macen da ta iya suya da matsa za ta fitar da shi, mai saye kuwa ba ya tambayar hannun da ya yi, araha kawai yake nema. Sun maimaita mini wannan magana a gindin darbejiyar da muke zama bayan La'asar, a shekarar da na ajiye alli bayan dogon aikin koyarwa. Na ce musu za su gani. Sun kuwa gani, sai dai ba ta hannuna ba.

Mai ɗakina ce ke yin man, tun muna da sauran ƙuruciya. Takan zauna ta tsince gyaɗar, ta fitar da ruɓaɓɓiya da mai ɗaci, ta soya a kasko ba tare da gaggawa ba, a kai inji a niƙo, sannan ta matse. Kwalaben da take zubawa tsofaffi ne, murafansu sun saki, saboda haka takan rufe bakin da leda ta ɗaure da zare. Zaren ja ne, domin shi ne ya rage mata daga ɗinkin hula. Ƙaninta, wanda ke da rumfa a kasuwar Ɗanbatta, shi ke sayar mata duk ranar Lahadi.

Ba mu san lokacin da abin ya kama ba. Sai muka ji masu tsire da masu ƙosai, har da mutanen Makoda da manoman rani na Watari, suna zuwa rumfar suna cewa a ba su mai jan zare. Ba mu muka raɗa wannan suna ba, masu saye ne suka raɗa. Ni da na karantar da yara rubutu shekara da shekaru, ban gane cewa wannan zare sa hannu ne ba.

Da sunan ya bazu, sai wasu rumfuna suka fara ɗaura jan zare a nasu kwalaben, alhali mansu gauraye ne. Abin ya ƙona mini rai. Na daɗe ina sauraron tallace-tallace a rediyo, ina kuma ganin kayan kamfani da takardunsu masu sheƙi, sai na yanke cewa maganin mai kwaikwayo shi ne a yi abin da ba zai iya ba. Na hau mota zuwa Kano, aka buga mini koriyar takarda mai zanen gyaɗa da rubutun Turanci, na haɗo da sababbin robobi masu murfi.

Da na baje su a tsakar gida, ta daɗe tana kallo.

"Malam, da zaren nan aka san ni," in ji ta.

"Hajiya, zare na kowa ne. Ko a wuyan akuya aka ɗaura zai zauna. Takarda kuwa tamu ce mu kaɗai."

"Masu ƙosan nan, nawa ne suka iya karanta ta?"

Na ce za su saba. Na ɗauki kwalbar farko, na kwance zaren da hannuna, na juye man a sabuwar roba. Ta ɗauko mazurari ta taya ni.

Washegari na sa babbar riga na bi surukina, wato ƙanin nata, kasuwa, domin in ga nasarata da idona. Da hantsi wata tsohuwa mai ƙosai, wadda ta shekara goma tana sayen manmu, ta tsaya a rumfar.

"Kai, ina man yayarka?" ta tambayi surukina.

"Ga shi nan gabanki, Inna."

"Wannan na kamfani? Ni za ka yi wa wayo? Tun kana yawo ba wando nake sayen mai."

Na miƙe na gyara riga, na ce, "Baiwar Allah, ni ne mijin mai yin sa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To Malam, Allah ya ƙara girma, amma ni ba miji na zo saya ba."

'Yan rumfunan kusa suka fashe da dariya. Ina tsaye ta tsallaka rumfar da ke fuskantarmu, ta sayi kwalba biyu masu jan zare. Haka aka yini. Masu sayenmu suna wuce mu suna bin zaren, ni kuwa ba ni da abin da zan tsayar da su da shi.

Bayan 'yan makonni na sauke girman kai muka koma ɗaura zare, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Jan zare ya cika kasuwa, magana kuma ta zagaya cewa man matar Malam ya lalace, yana kumfa, yana wari. Gaurayen man da wasu suka sayar, sunanta ya ɗauka. Na kai kuka wurin sarkin kasuwa. Ya tarbe ni da mutunci, domin na koyar da 'ya'yansa, sannan ya ce, "Malam, wa zan hana sayen zare?" Na yi masa sallama na fito.

Maganar ta iske ta a gidan suna. Wata mata ta ce da ita a gaban jama'a, wai me ya sa ta fara ha'inci da tsufanta. Da ta dawo ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗora mini laifi ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta wanke kaskon suya, ta kife shi a bayan rumbu. Har yau yana nan a kife. Na roƙe ta sau uku, amsarta ɗaya ce: "Malam, mai zan iya sake matsawa. Sunan fa?"

'Ya'yanmu suna cewa tsufa ne ya sa ta daina, kuma suna lissafa abin daga ranar da ta kife kasko. Ba haka ba ne. Idan za a rubuta, a rubuta Asabar ta biyu bayan Ƙaramar Sallah, shekara uku da suka wuce, ranar da na kwance zaren.