Ɗakin da Baba bai taɓa shiga ba

Wata Laraba ce cikin Yulin 1995, bayan azahar, na shiga ɗakin Kaka da kofin ruwa na tarar da ita jingine da bango, carbinta ya faɗi ƙasa, numfashinta na fita sama-sama. Shekarata tara, kuma ni kaɗai na san kwana huɗu ke nan tana dahuwa a ɗakin nan.

Mu mutanen La Courneuve ne, a gefen Paris. Amma a shekarar Baba ya samu aikin gini kusa da Lyon, maigidansa ya ba shi wani gida mai taya a gefen fili, muka bi shi hutun makaranta. Da Kaka, mahaifiyar Mama, ta zo daga Damagaram ganin likita, sai Baba ya ƙara mata ɗaki da katako da kwano, ya sa ƙofa, ya kuma rataya labule mai kauri, don suruka ce. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira kilim, 'yar ƙarama ce, daidai tsohon gidan aka saye ta. Wani abokin aikinsa ya ce ba za ta ɗauki ƙarin ba, Baba ya yi dariya, wai wadda ta sha ranar Damagaram zafin Faransa zai dama? Ya manta can a ɗakin ginin ƙasa mai sanyi take kwana.

Mama tana Paris wurin aiki, sai Asabar take zuwa. Baba kuwa daga bakin labule yake durƙusawa ya gaida Kaka, ita ma daga ciki take amsawa da "lafiya lau". Ni ce mai kai abinci, mai wanke kwanuka, mai jiƙa mata zane ta yafa. Na ce zan gaya wa Baba zafin ɗakin, ta damƙe hannuna ta ce, "Kul! Mutum ya yi mini ɗaki da hannunsa, in ce masa bai yi ba?" Ban gaya masa ba, na koma tsallen igiyata a waje.

Ranar nan dai na yar da kofin, na ruga wurin ginin ba ko takalmi. Baba ya zo a guje, amma da ya isa labulen sai ya ja ya tsaya. Wallahi haushinsa ya kama ni! Ya yi sallama sau biyu, ba a amsa ba. Sai na fizge labulen na ce, "Baba, shiga!" Zafin ya buge shi a fuska, na ga idonsa ya sauya. Ya sungume ta, kansa a sunkuye, ya kwantar da ita gaban kilim, muna ta shafa mata ruwa har motar asibiti ta zo.

Kwana biyu ta yi a can. Kafin ta dawo ya auna gidan duka da ƙarin, ya samo babbar na'ura, ya cire ƙofar, amma ya bar labulen. Ba su taɓa tada zancen ba har ta rasu.

Yanzu a gidanmu na Saint-Denis mijina da Mama tare suke kallon labarai, suna musu. Na ji daɗin haka, ko da yake nakan yi kewar gaisuwar nan ta bakin labule. Sai dai har yau, in tsoho ya ce mini lafiya lau, sai na shiga ɗakinsa na ji da jikina.